Kayan Kwalamar Japan: Fa'idodi da Illoli ga Mai Son Ɗanɗanawa

A Japan akwai ƙananan kantuna sama da 50,000 da ake kira konbini, mafi yawansu ba sa rufewa dare da rana. Ga kuma na'urorin sayar da abin sha fiye da miliyan 2 a bakin tituna da tashoshin jirgin ƙasa, har da ƙololuwar dutsen Fuji a lokacin hawa. A nan kayan kwalamar ƙasar suka yi gida: biskit, alewa, cakulet, curin shinkafa mai danƙo, shayin gora, lemon madara da askirim iri-iri. Yau sun tsallake teku. Ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya je can yakan dawo da su tsaraba, ana samunsu a manyan kantunan Dubai da Landan da Kuala Lumpur, matasa kuma na kallon masu ɗanɗana su a wayoyinsu, yawu na tsinkewa.

Waɗannan kaya an yi su ne domin mutanen da suka san ƙa'idar cinsu, suke kuma iya karanta abin da aka rubuta a bayan leda. Mafi yawan amfaninsu yana cikin wannan ƙa'ida, mafi yawan cutarwarsu kuma baƙon da bai san ta ba take samu. A kan wannan ma'auni za mu ɗora su.

Fa'idodi

Faɗin zaɓi da sabon ɗanɗano

Kayan zaƙin gargajiya, waɗanda suke kira wagashi, a kan abubuwa uku aka gina su: shinkafa, jan wake ɗan ƙarami mai suna azuki, da sukari. Ana dafa waken har ya yi lugub, a tuƙa shi da sukari ya zama anko, wanda shi ne cikin yawancin kayan. Shinkafa mai danƙo kuwa turara ta ake yi, a juye a turmi, mutum ɗaya na kirɓawa da gudumar katako, wani na tsoma hannu a ruwa yana juya ta tsakanin bugu da bugu, har ta koma curi mai santsi da naci. Shi ne mochi. In aka naɗe anko a cikinsa aka barbaɗa masa garin sitaci don kada ya manne a yatsa, ya zama daifuku. Wanda ya saba cin wake da mai da yaji zai yi turus da jin sa da sukari, amma daga loma ta biyu bakin yakan saba.

Wasu kayan baƙi ne suka kawo su. 'Yan Fotugal da suka sauka Nagasaki a ƙarni na 16 sun bar kek ɗin castella, wanda har yau birnin ke tunƙaho da shi. A 1569 wani limamin mishan, Luis Frois, ya miƙa wa jagoran yaƙi Oda Nobunaga kwalbar alewar konpeito a matsayin gaisuwa, saboda a lokacin sukari kayan manya ne. Na zamani sun biyo baya. Kamfanin Glico na Osaka ya fito da Pocky a 1966, siririn biskit da aka tsoma a cakulet aka bar gindinsa babu komai don a samu wurin riƙewa. Kit Kat, wanda asalinsa na Ingila ne, an yi masa ɗanɗano sama da 300 a Japan, daga na garin koren shayi zuwa na dankali mai zaƙi da na wasabi mai hawa hanci. Kaya kuma suna bin yanayi: na furen sakura a bazara, na dankali da na wata ƙwarar itace mai suna kuri a kaka. In lokacinsu ya wuce sai baɗi.

Ko buɗe wasu abubuwan shan ma wasa ne. Kwalbar Ramune, lemon da aka fara sayarwa a Kobe a 1884, ba ta da marfi. Wani dunƙulen gilashi ne iskar lemon ta tokare a bakinta daga ciki. Za ka ɗora ɗan maɓallin roba ka danna da tafin hannu, dunƙulen ya faɗa wuyan kwalbar da ƙara, ka bar hannunka a kai na ɗan lokaci kada kumfa ta yi ambaliya. Wajen sha kuma sai ka karkata kwalbar ta ɓangaren da aka lotsa gilashin sau biyu, don dunƙulen ya tsaya nan, kada ya gangaro ya toshe bakin.

Rabo kaɗan, shayi ba sukari

A al'adance ba a cika faranti da wagashi. Guda ɗaya ake ba mutum, wanda bai wuce loma biyu ko uku ba, a haɗa masa da koren shayi mai ɗaci da ba a sa wa sukari ko madara. A zaman shan shayi na gargajiya ma zaƙin ake fara ci, sannan a kora da matcha, wato garin ganyen shayi da ake kaɗawa da ɗan maburgin gora. Zaƙin na tausasa ɗacin, ɗacin na wanke zaƙin, mutum ya tashi bai nemi ƙari ba. Kamfanoni sun bi wannan tsari, kusan kowane biskit da ledarsa, kuma ƙanana ne.

Babbar fa'idar tana wajen abin sha. Tun da kamfanin Ito En ya sa koren shayi a gwangwani a 1985, shayi marar sukari ya zama abin da ake saye yau da kullum kamar ruwa. Akwai kuma mugicha, ruwan gasasshen sha'ir, wanda ba shi da sukari ba shi da sinadarin da ke hana barci, shi ake ba yara da tsofaffi a lokacin zafi. A jikin na'ura, alamar shuɗi na nufin mai sanyi, ja na nufin mai zafi. Japan na cikin ƙasashe masu arziki da suka fi ƙarancin masu ƙiba fiye da kima. Dalilan suna da yawa, akwai cin kifi da ganye da yawan tafiya a ƙafa, amma wannan ɗabi'a ta cin kaɗan da shan abu marar zaƙi tana cikin lissafi.

Madara da danginta

Mutanen Japan ba makiyayan shanun tatsa ba ne tun asali. Sai bayan 1868, da ƙasar ta buɗe ƙofa ga ƙasashen Yamma, madara ta fara yaɗuwa, ta kuma shiga kowane gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta hanyar ciyar da 'yan makaranta. Tsibirin Hokkaido da ke arewa, mai sanyi da faɗin makiyaya, shi ke samar da fiye da rabin madarar ƙasar, kuma sunansa a jikin askirim, cuku ko kek tamkar hatimin inganci ne.

Abubuwan sha biyu sun fi shahara. Na farko Calpis ne: wani ɗan Japan, Kaiun Mishima, ya sha tsamammen nonon makiyaya a yankin Mongoliya ta Ciki, ya ji ya gyara masa ciki, ya dawo ya fito da Calpis a ranar 7 ga Yulin 1919. Mai kauri ake sayar da na asalin, a tsarma shi da ruwa ninki huɗu. Ɗanɗanonsa ya yi kusa da kindirmon da aka sirka da ruwan sanyi aka zuba masa sukari. Na biyu shi ne Yakult, wanda likita Minoru Shirota ya fara sayarwa a 1935 bayan ya raino wata ƙwayar bakteriya mai iya wuce ruwan tsamin ciki ta isa hanji da ranta. Masu sha suna nemansa ne don daidaita ciki da sauƙaƙa bayan gida. Tun 1963 mata ke kai shi gida-gida a kan keke, kuma a wurare da yawa wannan zagaye ya zama hanyar leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai.

Tsafta da bayanin kaya

Doka ta wajabta rubuta abubuwan da aka haɗa, da yawan kuzari, kitse da gishiri. Ta kuma tilasta bayyana abincin da ke tayar wa wasu da borin jini, irin su ƙwai, madara, alkama, gyaɗa, jatan lande da kaguwa. Wannan tsanani da wahala aka same shi. A 1955 gubar asenik ta shiga garin madarar jarirai na kamfanin Morinaga, yara sama da 12,000 suka kamu, 130 suka rasu. A 2000 kuma wutar lantarki ta ɗauke na 'yan sa'o'i a wata masana'antar Snow Brand da ke Hokkaido, ƙwayoyin cuta suka hayayyafa a cikin madarar da ta tsaya, mutum fiye da 13,000 suka kwanta a yankin Osaka. Waɗannan masifu sun sa hukuma da jama'a sun zuba wa masana'antu ido sosai, mai saye na yau kuma shi ke cin moriyar hakan.

Araha a gida, kasuwa ga manoman Afirka

A cikin ƙasar akwai na kowane aljihu. Umaibo, wani sandan masara mai garas-garas, ya zauna a kan yen 10 tun daga 1979 har 2022. Da masu yin ƙanƙarar Garigari-kun suka ƙara yen 10 a 2016, bayan shekara 25 ba ƙari, shugabanni da ma'aikata jeruwa suka yi a gaban masana'anta suka rusuna a talabijin suna ba da haƙuri. Tsaraba kuma wajibi ce a wurinsu: duk wanda ya yi tafiya sai ya riƙo wa abokan aiki kwalin kayan zaƙin garin da ya je, abin da ya raya ƙananan masana'antu a kowane lardi.

Akwai kuma rabonmu a ciki. Japan na sayen kusan dukkan riɗin da take ci daga waje, Nijeriya kuma na cikin manyan masu sayar mata, don haka riɗin da ke kan biskit ɗin shinkafa a Tokyo zai iya zama na gonar Jigawa ko Nasarawa. Mafi yawan kokon da take shigo da shi daga Gana yake fitowa, har kamfanin Lotte ya raɗa wa cakulet ɗinsa suna Ghana tun 1964.

Illoli

Alade da barasa a inda ba a zata ba

Zuma ga zaƙi ga harbi. Ga Musulmi wannan ce illa mafi girma, domin Musulmin Japan ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, masana'antu kuma ba da su a rai suke haɗa kaya ba. Jelatin, wato danƙon da ake dafowa daga fata da ƙashin dabba, yana cikin alewa mai taunuwa irin su Hi-Chew, da wasu yogot, kek da askirim, kuma sau da yawa na alade ne. Soyayyen dankalin leda da ka ɗauka dankali da gishiri ne kawai, in mai ɗanɗanon romo ne, akan sa masa tataccen ruwan naman alade ko na kazar da ba a yanka ba. Kitsen gashin biskit da sinadarin da ke haɗa mai da ruwa kuwa, galibi ba a faɗin ko daga tsiro suke ko daga dabba. Bayyana naman alade da jelatin a jerin masu tayar da bori shawara ce kawai hukuma ta bayar, ba tilas ba.

Barasa ta fi iya ɓuya. A dokar Japan abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba ba a lissafa shi a giya, saboda haka za a iya jera shi tare da sauran kayan zaƙi. Kit Kat mai ɗanɗanon giyar shinkafa da aka fitar a 2016 yana ɗauke da kashi 0.8. Cakulet mai laushi na Hokkaido da ake rububin saye a filin jirgi, wasu nau'o'insa da giya aka kwaɓa su. Mirin, wata giyar girki mai zaƙi, tana shiga cikin abin da ake shafa wa biskit ɗin shinkafa da wasu kek. Amazake, wani abin sha mai zaƙi, iri biyu ne, akwai na shinkafa zalla, akwai wanda ake yi da dusar giya. Mafi hatsari su ne gwangwanayen chuhai: hoton lemon tsami ko inabi ko fic a jiki, launi mai ɗaukar ido, suna cikin firiji kusa da lemo, alhali wasu irin su Strong Zero barasarsu ta kai kashi 9, sun fi giyar kwalba ƙarfi. Akwai alamar gargaɗi a jikinsu, sai dai da rubutun Japan take.

Alamomi biyu sun cancanci mai tafiya ya haddace: 豚 na alade, 酒 na barasa. Akwai kuma mafita. Wagashi da yawa da kanten ake daskarar da su, wanda daga ciyawar teku ake samunsa, babu dabba a ciki. Pocky da ake yi a Tailan da Yakult na Malesiya da Indonesiya suna da shaidar halal, ko da yake sunan ɗaya ne da na Japan. Wannan na nufin a duba ƙasar da aka yi kaya, kada a tsaya ga sunansa. Batun jelatin da ya sauya kama da ɗan burbushin barasar da ke fitowa wajen tsima abinci kuwa, malamai sun yi saɓani a kai, kowa sai ya koma ga malaminsa.

Abin da ke tsayawa a maƙogwaro

Kowace sabuwar shekara, lokacin da kowane gida ke cin mochi, hukumar kashe gobara ta Tokyo takan yi gargaɗi, kuma duk da haka sai an kwashi mutane zuwa asibiti, wasu su rasu. Mafi yawansu tsofaffi ne 'yan sama da shekara 65. Mochi ba ya narkewa a baki, kuma da ya fara hucewa yakan ƙara tauri da naci, in ya manne a hanyar numfashi fitar da shi aiki ne. Shawarar da suke bayarwa ita ce a yanka shi ƙanana, a jiƙa maƙogwaro da shayi ko miya tukuna, a tauna sosai, kuma kada tsoho ko yaro ya ci shi ba kowa a kusa.

Haka alewar konnyaku da ake zubawa a 'yan ƙananan kofunan roba. Da zuƙa ake cinta, ga ta da santsi, ga ta ba ta narkewa, girmanta kuma daidai maƙogwaron yaro. Ta yi ajalin yara da tsofaffi, kuma bayan mutuwar wani yaro ɗan ƙasa da shekara 2 a lardin Hyogo a 2008 sai da aka dakatar da yin wadda ta fi shahara na wani lokaci, aka ƙara girman gargaɗin da ke jikinta. Tarayyar Turai ta haramta irin wannan alewa ta ƙaramin kofi gaba ɗaya. Mai kawo wa 'ya'yansa tsaraba ya san da wannan.

Sukari da gishiri

Ƙanƙantar kaya ba ta rage masa zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, in da hali ma 25. 'Yar kwalbar Yakult da ake shanyewa a kurɓi biyu tana da sukarin da ya kai cokalin shayi biyu ko fiye. Gorar Calpis da aka riga aka tsarma, mai rabin lita, ita kaɗai takan cinye rabon yini guda. Pocari Sweat, wanda aka yi a 1980 don mayar da ruwan da gumi ya fitar, yana da kusan giram 30 a rabin lita, don haka wanda ya mayar da shi ruwan sha yana zaune a inuwa sukari kawai yake ɗura wa kansa. Yokan, wani daskararren anko, yawan sukarinsa ne ma ke sa ya yi watanni bai lalace ba. Gahawar gwangwani mai madara ita ma cike take da sukari.

A ɗaya gefen, biskit ɗin shinkafa da aka shafa wa miyar waken soya, busasshen kifi da gasasshiyar ciyawar teku duk gishiri ne. Mutumin Japan na cin kusan giram 10 na gishiri a rana, ninki biyu na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki tsofaffin matsaloli ne a ƙasar. Mai ciwon suga ko hawan jini kada hoton koren ganye a jikin leda ya ruɗe shi. Matcha ma, da yake ganyen gaba ɗaya ake sha, yana iya hana barci da sa bugun zuciya in an yawaita.

Tulin leda

Naɗe kowane biskit daban yana kare shi daga danshi, yana kuma sauƙaƙa rabo, amma kwali ɗaya zai bar maka ledar waje, tiren roba, ledoji goma sha biyu da 'yar jakar shanye danshi. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya sa Japan a matsayi na biyu, bayan Amurka, wajen yawan sharar robar naɗi a kan kowane mutum. An fara gyara: Kit Kat ya koma ledar waje ta takarda a 2019, an kuma fara cajin kuɗin ledar cefane a Yulin 2020. Can suna da tsarin rarraba shara da sake sarrafa gora. In kayan suka zo garin da ba shi da wannan tsari, kwata ce ke karɓar ledar.

Tsada da lalacewa a hanya

Abin da yaro ke saye da canjin aljihu a Osaka yakan ninka kuɗinsa sau da yawa in ya sha jirgi da kwastan. Kuma mafi daɗinsu su ne mafi saurin lalacewa. Sabon daifuku kwana ɗaya ko biyu yake yi, cakulet mai laushi sai a firiji, Yakult ma haka. A zafin Afrilu na ƙasarmu, inda wuta ke zuwa tana tafiya, abin da ya iso zai iya zama ya narke ya sake daskarewa sau da dama. Ranar ƙarewa kuma da shekara suke fara rubuta ta, sai wata, sai rana, wanda bai sani ba zai karanta ta a juye.

Da aka ɗora a ma'auni

Ga lafiyayyen babba da ke ɗanɗanawa jefi-jefi, fa'idar ta rinjayi illar, muddin ya san abin da ke cikin ledar. Shayi marar sukari, mugicha, wagashin shinkafa da wake da kanten, da kayan da ke ɗauke da shaidar halal, su ne suka fi kwanciyar rai. Alewa mai taunuwa, dankali mai ɗanɗanon nama, cakulet mai laushi da duk gwangwani mai hoton 'ya'yan itace suna buƙatar a karanta ko a tambaya, yanzu kuma kyamarar waya na iya fassara rubutun nan take. Yara ƙanana da tsofaffi a nisanta su da mochi da alewar konnyaku. Mai ciwon suga ya tsaya ga shayin.

Darasi mafi amfani kuwa ba ya buƙatar tikitin jirgi. Masu yin alkaki, nakiya da kantun riɗi na iya koyon yanka kaya ƙanana, naɗe su da tsafta, da rubuta abin da ke ciki da ranar da aka yi. Mai ci kuma na iya koyon tsayawa a guda ɗaya, ya kora da shayin da bai zuba wa sukari ba.